Jan Kati a Murhun Dona Zulmira

Idan ka hana mutum mutuwa, amma ka raba shi da wuri ɗaya tak da yake jin yana raye a cikinsa, taimakonsa ka yi ko cutarsa? Kwana huɗu ina juya wannan tambaya, a mota, a wanka, a layin sayen kofi, ban samo mata amsa ba. Ku da kuke karanta ni wataƙila kun fi ni sani. Ni dai na gaji.

Ga waɗanda yau suka fara leƙowa: sunana Odília Pavão, Dília ake kira na, shekarata ashirin da tara. A garin Fall River aka haife ni, a unguwarmu ta 'yan ci-rani, kuma da alama a nan za a binne ni. Aikina shiga gidajen mutane da shagunansu in auna abin da suke ƙonawa, da abin da suke zubarwa, da abin da suke shaƙa. Ta ina ɗumi yake zurarewa, gas nawa ake ƙonawa a banza, me ke fita ta bututun hayaƙi, me ke dawowa ciki. In na gama sai in rubuta rahoto, da shi ne ake yarda a zo a toshe wa mutum bango da rufi don gidansa ya daina shan wuta. Mama kuwa in ƙawayenta sun tambaye ta aikina, sai ta ce, "Yawo take da fanka gida-gida."

Sai kuma Gil. Gilberto Raposo, mai aikin rufin gidaje, shekara biyu ke nan yana nemana. Mutumin kirki ne. Kowa ya faɗa mini haka, har kalmar ta fara yi mini nauyi a kunne. Ba ya shan abin da ya wuce kofi ɗaya na giya a wurin biki, yana kai mahaifiyarsa coci, ya taɓa zuwa da asuba ya kwashe mana dusar ƙanƙara daga bakin ƙofa ba wanda ya roƙe shi. An sa ranar Lahadi iyalanmu biyu za su ci abincin rana a gidansu, kuma duk unguwa ta san abin da zai fito daga aljihun Gil bayan an kwashe kwanuka. Ni ma na sani. Ba wanda ya tambaye ni, amma na sani.

Ranar Laraba Mama ta turo mini saƙon murya, irin nata mai tsawon minti uku da ƙarar famfo a bayansa.

"Dília, na haɗu da Zulmira, uwar Gil, a wajen mai kifi. Gidanta sanyi kamar firji. Na ce mata gobe za ki je ki duba mata. Kada ki sa wandon nan mai aljihu goma, kin ji ko? Ki sa rigar sanyin nan ruwan toka da na saya miki. Kuma ki yi murmushi, ba kotu ce ta aiko ki ba."

Na rubuta mata: "Mama, a wurin aiki ba a son mu duba gidan wanda muka sani."

Ta amsa nan take: "Ai ba ki san ta ba. Da kin san ta da tuni an sha biki."

Ya kamata in miƙa wa wani abokin aikina. Ban yi ba. Na sa rigar ruwan tokar a saman wandon mai aljihu goma, don kowa ya samu rabin abin da yake so, na loda kayana a mota.

Dona Zulmira, mahaifiyar Gil, ta buɗe mini ƙofa da ƙarfe goma na safe. Dona muke ce wa babbar mace don girmamawa. 'Yar ƙaramar mace ce, shekara saba'in da ɗaya. Baƙaƙen kaya take sawa tun rasuwar mijinta Amâncio shekara shida da suka wuce: baƙar riga, baƙar rigar sanyi mai maɓalli, baƙar safa. Ƙyallen girkin da ta ɗaura a gaba ne kaɗai mai 'yan furanni. Ta dube ni daga gashi har takalmi.

"Kin rame. Ba a ba ki abinci a gidanku?"

"Ana ba ni, Dona Zulmira."

"To cire takalmi. Nan sama ne."

Kun san yadda gidajenmu suke. Kicin ɗin sama yana nan yadda aka gina shi, tas, kamar hoton kalanda. Farin murhun gas mai kai huɗu, an shimfiɗa masa farin ƙyalle mai saƙa, an ɗora furen roba da hoton Amâncio cikin kwat ranar da ya samu takardar zama ɗan ƙasa. Kujerun tebur har yanzu da ledarsu. Shekara ashirin da shida murhun nan yana tsaye, ko ruwan shayi bai taɓa tafasawa ba. Mu ma haka namu yake. Ban taɓa ganin abin mamaki a ciki ba sai da na fara shiga gidajen wasu.

Rayuwa tana ƙasa. Tun daga matakala ƙamshin burodi mai zaƙi ya tarbe ni, da na albasa da tafarnuwa. A ɗakin ƙarƙashin gidan ne ainihin kicin yake: dogon tebur mai cin mutum goma sha huɗu, tsohuwar rediyo, kwalaben niƙaƙƙen barkono jere a kan katako, busasshen kifi jiƙe a bahon roba, da wani ƙaton baƙin murhu da ya girme ni. Amâncio ne ya gina wurin da hannunsa, Asabar bayan Asabar, in ya taso daga masaƙa. A nan aka yi sunan Gil, a nan aka zauna makokin uban.

Kafin mu ɗaura fankarmu a bakin ƙofa mu gwada inda iska ke shiga, doka ce mu fara auna iskar da mutanen gida suke shaƙa. Akwai wata guba da wuta ke fitarwa idan ba ta samu isasshiyar iska ba. Ba ta da launi, ba ta da wari. Sai dai ciwon kai, sai barci, wani barcin kuma ba a tashi. Ina da 'yar na'ura rataye a ƙirjina mai nuna lamba. A waje sifili take nunawa. A falon sama na ga tara, na ɗan tsuke baki. A tsakiyar matakala ashirin da biyu. Da na tsaya a gaban baƙin murhun, kai huɗu duk suna ci, tanda kuma tana gashi, sai ta fara kuka. Tamanin da huɗu. A aikinmu in lamba ta haura saba'in, ba a tsayawa shawara, fitar da kowa ake yi.

"Mene ne wannan ƙarar? Wayarki ce?"

"Dona Zulmira, kanki yana ciwo kwanakin nan?"

"Tsufa ne. Tun kaka yake yi. In na gama girki sai in ɗan kwanta a kujerar can, ya lafa."

Na dubi kujerar, da bargonta a naɗe. Sannan na dubi 'yan tagogin nan biyu da ke can sama kusa da silin. An bi gefensu da kumfar toshe rami, an rufe su da leda mai kauri, an manne da salatif. Aiki mai kyau, aikin mai hannu. A silin kuma ga wani farin faifan roba da babu komai a jikinsa, inda ƙararrawar gargaɗi ya kamata ta kasance.

"Wa ya rufe tagogin?"

"Gil ɗina. Na ce masa ƙafata tana sanyi, washegari ya zo ya yi. Kin ga irin yaron da za ki samu?"

"Sai mun fita waje. Yanzu."

"Burodi yana tanda, yarinya."

"Yanzu, Dona Zulmira."

Na miƙa hannu na kashe kai huɗun, na kashe tanda. Ban taɓa ganin fuskar mutum ta canza haka ba. Da marinta na yi da ya fi sauƙi. A gidajenmu ko 'yar da ka haifa ba ta taɓa maka murhu sai ka ce ta taɓa, balle wadda ko zobe ba a sa mata ba.

Na fito da ita baranda, na lulluɓa mata rigar aikina a kafaɗa, na koma na yage ledar tagogin. Da na dawo tana zaune a miƙe, hannuwanta a cinya, tana kallon titi. Na yi mata bayani a hankali. Na ce dole in kira kamfanin gas su zo su duba.

"In sun zo me za su yi?"

"Wataƙila su rufe murhun ƙasa na ɗan lokaci. Amma ai ga na sama, sabo fil. Ko abincin Lahadi za a iya..."

"Ba a girki a sama."

"Na kwana biyu ne kawai."

"Kin ji ni? Ba a girki a sama. Amâncio ya saya mini shi don in an shigo a ga muna da shi. Ranar da aka kunna wancan, to an fitar da gawata. Kira mini ɗana."

Cikin minti ashirin Gil ya iso, ƙurar rufi a gashinsa, hularsa a hannu. Ya sumbaci uwarsa a goshi, ya yi mini alama mu shiga motarsa. Ya kunna mana ɗumi, ya ture kwalin ƙusoshi daga kujera.

"To, Injiniya, me ya faru? Kin tsorata mini tsohuwa."

"Ina ƙararrawar silin, Gil?"

Ya murza sitiyari da babban yatsa.

"Tana cikin aljihun tebur. Kullum ta ɗora tukunya sai ta hau kuka. Na ɗauka lalacewa ta yi, kin san irin na arha ɗin nan. Na ce zan sayo wata."

"Yaushe?"

"Kafin Kirsimeti."

Muna cikin watan Maris. Na bar shi ya ƙirga da kansa. Na ga wuyansa ya yi ja har kunne, idonsa ya ciko. Ba mugu ba ne, ku fahimce ni. Ya ji uwarsa tana jin sanyi ya toshe sanyin, ya ji abu yana damunta da ƙara ya kashe ƙarar. Haka Gil yake son mutum. Duk abin da ya dame ka sai ya rufe masa baki.

"Dília, saurara. Na ji, laifina ne. Yau ɗin nan zan ɓalle tagogin gaba ɗaya, in sa mata fankar jan hayaƙi, in sayo ƙararrawa uku in kina so. Amma kar ki kira su. Baba ne ya ja bututun gas ɗin nan da kansa, ba takardar izini. In suka gani ba za su rufe na ɗan lokaci ba, yanke shi za su yi. Kuma silin ɗin ya yi ƙasa, ba za a taɓa ba da izinin kicin a wurin ba. Kin sani."

"Na sani."

"To ki ba ni zuwa Litinin. Ta yi girkin Lahadi, ta ga abin da take jira. Litinin ni da kaina zan zaunar da ita."

"In ta kwanta a kujerar nan ranar Asabar fa?"

"Da tagogi a buɗe? Ke ce mai na'ura. Faɗa mini gaskiya, lambar ba za ta sauka ba?"

Za ta sauka. Ba zan yi muku ƙarya ba. Da tagogi a buɗe za ta iya saukowa ƙasa da ashirin. Ban san ko za ta tsaya a nan ba, ban san ko tsohuwar za ta ji sanyi ta sake cusa tsumma a tagar ba, ban san lafiyar bututun da ya yi shekara talatin a bango ba. Amma za ta sauka.

Na fito daga motar na kira su.

Mai gas ɗin ya zo cikin awa guda, wani dogon Baƙar fata mai furfura da ladabi. Ya auna, ya bi bututun da tocila, ya tsaya inda Amâncio ya haɗa shi, ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Wanda ya yi wannan ya iya aiki, Allah ya ji ƙansa. Amma ba zan iya barinsa ba." Ya kwance, ya toshe bakin da murfin ƙarfe, ya ɗaura jan kati a hannun tandar, alamar an hana kunnawa. Tukunyar ɗumama gida ya ce lafiyarta lau tunda an buɗe tagogi. Burodi shida suna cikin tanda, sun tashi rabi sun koma sun kwanta.

Dona Zulmira ba ta sauka ta gani ba. Ta cire rigata daga kafaɗarta, ta ninke ta da kyau, ta miƙo mini, ta shige ta rufe ƙofa.

Kafin in kai gida labari ya riga ni. Mama tana tsaye a matakalar namu kicin ɗin ƙasa, ludayi a hannu.

"Na aike ki ki toshe mata sanyi, kin je kin kashe mata gida!"

"Guba take shaƙa, Mama."

"Shekara talatin tana shaƙa, ta mutu? Ke da na'urar nan taki! Wace irin mace ce ke shiga gidan surukarta ta kira mata hukuma? Ina zan sa fuskata a coci?"

"Da kin fi so in je jana'izarta?"

"Rufe mini baki. Kuma kada ki kuskura ki kunna abin nan a ƙasan nan, kin ji na gaya miki."

Na kunna washegari, tana wanka. Lambar ta nuna sha ɗaya. Tamu tagar a fashe take tun ina makarantar sakandare, ba wanda ya gyara. Lalacin Babana ne ya tsare mu. Na zauna a matakala na yi dariya ni kaɗai, irin dariyar da ba ta da daɗi.

Saƙonni suka yi ta shigowa. Goggo Lúcia: "Ki je ki ba ta haƙuri da kek." Ƙanwar Gil daga Providence: "Na gode da kika ceci Mama. Amma ba kya iya jira?" Duka biyun a saƙo ɗaya. Gil kuwa shiru ranar Alhamis, shiru Juma'a. Ranar Asabar da la'asar ya turo layi ɗaya: "Ba ta ci komai ba sai biskit da ruwan famfo. Ta ƙi abincin waje."

Na rubuta amsa sau biyar ina gogewa.

Yanzu ga abin da ban faɗa wa kowa ba sai ku. Dokar aiki tana bayana, ko shugabana ya ce daidai na yi. Amma lokacin da na fito daga motar Gil na danna lambar nan, akwai wani abu a ƙirjina da ya yi sanyi, kamar an sauke mini kaya. Na san ba kicin, ba abincin Lahadi. Ba abincin Lahadi, ba zobe. To don ranta na kira, ko don kaina? Da gidan wata tsohuwa ce da ban sani ba, zan kira, na tabbata. Amma da ina mutuwar son Gil, irin son da ake ba da labari, zan ba shi zuwa Litinin? In kuwa zan ba shi, ashe rashin so ne ya sa na yi daidai? Na rasa wanne ya fi muni. Ina ta neman wurin da zan tsaya in ce ga ni da tsabtar zuciya, ban samu ba.

Lahadi da safe ban je coci ba. Ina kwance da kayan barci da safa kala biyu wayata ta yi ƙara. Lambar wayar gida ce, irin wadda tsofaffi kaɗai suka rage da ita.

"Odília?"

Ba ta taɓa kiran sunana ba. Yarinya take cewa.

"Na'am, Dona Zulmira."

"Ki zo. Ki taho da abin nan naki mai kuka. Ke kaɗai, ban da uwarki."

Na same ta a kicin ɗin sama. Ta yi wanka, ta gyara gashi, ƙyallen girkinta a ɗaure. A kan tebur ga tukunyar miya da ta hau da ita daga ƙasa, baƙa ƙirin a kan farin tebur, ga dankali fereye, ga ganyen kabeji yankakke siriri kamar zare. Ta faɗa a kwana ukun nan, amma idonta ya washe.

"Kwana uku kaina bai yi ciwo ba," ta ce, ba tare da ta kalle ni ba. "Ban ce na yafe miki ba. Faɗa miki kawai nake yi."

"Na ji."

"Ɗauke min hoton nan. A hankali. Sa shi a kan firji, inda zai gani."

Na ɗauke hoton Amâncio. Ita ta kwashe furen roban, ta naɗe farin ƙyallen, ta tsaya riƙe da shi kamar ta rasa inda ake ajiye irinsa. Daga baya ta cusa shi a aljihunta.

"Mutum goma sha huɗu ba za su shiga nan ba," ta ce. "Na sallami kowa. Gil kaɗai ke zuwa, yana hanya, kuma akwatin zoben nan yana aljihunsa. Na gani da idona, ya ɗauka ban gani ba." Sai yanzu ta juyo ta dube ni. "Ni shekarata goma sha tara aka nuna mini Amâncio a hoto, na ce to. Ya zama na kirki, sa'a na yi. Ke ba a hoto kika ga nawa ba. Kin ga abin da ya iya da abin da bai iya ba. To kafin ya buga ƙofar nan, ina so in ji daga bakinki: ke ce kike son ɗana, ko uwarki ce?"

A waje na ji mota ta tsaya, irin tsayawar da na sani, da ƙarar tsani a bayanta.

"Yi tunani," ta ce. "Miya tana ɗaukar lokaci. Kunna abin naki."

Na danna na'urar. Sifili. Ta ɗora baƙar tukunyar a kan farin murhun, ta gicciye ƙirjinta, ta murɗa makunnin. Ya yi ƙyas, ƙyas, ƙyas, ya ƙi. Ta ja tsaki, ta zaro ashana daga aljihu ta ƙyasta, ta kai bakin murhun. Shuɗiyar wuta ta zagaye gindin tukunyar.